Kwamfuta ta ƙi ba ka ikon admin: inda matsalar take, da yadda ake gano ta kafin a kai ga fomat

A shagunan buga takardu na Gusau akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa. An sayo sabuwar firinta, an zo saka direbanta, kwamfuta ta ce ba ta san zance ba. Ko ɗalibi ya taso daga Kaura Namoda da laftof ɗinsa don a saka masa SPSS ko AutoCAD na aikin furojet, a danna “Run as administrator”, allo ya ɗan yi duhu, akwati ya fito da maɓallin “No” shi kaɗai. Wani lokacin ma ko akwatin ba ya fitowa. Yaron shago ya waiwayo ya ce, “Oga, ta ƙi,” oga kuma ko kallon allon bai yi ba zai ce, “Sai an yi mata fomat.”

Akwai ranar da fomat ce kaɗai mafita. Amma galibi rushe ɗaki ne don makulli ya cije. Ga asarar manhajojin da aka sha wahalar sakawa, ga takardun kwastomomi, ga yini guda da ya tafi a banza, alhali abin da ya samu matsala layi ɗaya ne na umarni zai gyara shi.

Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, Microsoft ta daina barin mai asusun admin yana yawo da cikakken ikonsa a hannu. Tsarin da ta kawo shi ne UAC, wato User Account Control, mai neman izininka kafin a taɓa muhimman sassan Windows. Idan ka shiga da asusun admin, Windows na yanka maka makullai biyu: ƙarami na harkokin yau da kullum, da babba na taɓa C:\Windows, da Program Files, da direbobi, da sashen rajista (ma’ajiyar saitunan Windows) na gaba ɗayan na’ura. Ƙaramin ne a hannunka koyaushe. Babban yana ajiye, sai ka nema. Idan ka danna “Run as administrator”, buƙatarka na zuwa wurin wani sabis mai suna Application Information, wanda a taƙaice ake kira Appinfo. Shi ne kamar shamaki a fada, ba ka isa gaban sarki sai ta hannunsa. Shi zai tayar da consent.exe, ɗan fayil ɗin da ke duhunta allo ya tambaye ka “Yes” ko “No”. Kafin nan Windows ta duba dokokin da aka gindaya mata, ta kuma duba sa hannun kamfanin da ya yi manhajar.

Ke nan wurare huɗu ne igiyar ke iya tsinkewa: asusun kansa, dokokin, shamakin, ko fayil ɗin da ake son buɗewa. Kowanne da alamarsa. Shi ya sa tambayar farko ga mai kawo gyara ita ce: da ka danna, me ka gani?

Idan akwatin ya fito babu “Yes”

Wannan ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi tayar da hankali, domin yana kama da an kulle ka a waje makulli na ciki. Ma’anarsa asusun da kake ciki ba ya cikin rukunin Administrators, kuma babu wani asusun admin da ke kunne a na’urar. Da akwai, da akwatin ya ba ka gurbin rubuta kalmar sirrinsa.

Yadda ake faɗawa nan sananne ne. Wani ya shiga netplwiz, wurin saita asusun masu amfani da kwamfuta, don ya canza sunan tsohon mai na’urar zuwa nasa, hannu ya zame ya mayar da asusun “Standard user” ko “Guests”. Ko an goge asusun dillalin da ya sayar da laftof ɗin, ashe shi kaɗai ne admin. Don ka tabbatar, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd don buɗe baƙin allon rubuta umarni, sannan ka rubuta:

net localgroup administrators

Wannan umarni ba ya buƙatar wani iko. Zai jero sunayen da ke rukunin. Idan ka ga “Administrator” kaɗai, naka babu, ka gano ciwon. Rubuta whoami don ka ga ainihin sunan asusunka, wanda ke bayan alamar \. A lura, sunan da ke fitowa a allon shiga ba lallai ne ya zama shi ba. Ga masu shiga da imel ɗin Microsoft, sau da yawa haruffa biyar na farkon imel ɗin ne.

Shi wancan “Administrator” asusu ne da Windows ke zuwa da shi tun daga gida, a kashe. Mutane da dama kan yi saurin rubuta net user administrator /active:yes don su kunna shi, sai su ci karo da “System error 5 has occurred. Access is denied.” Dole haka ta faru, domin kunna shi ma sai da ikon da ba ka da shi. Amma Microsoft ta bar ƙofa guda: idan babu sauran admin da ke kunne, kuma na’urar ba ta ƙarƙashin ikon wani kamfani, wannan asusu na bayyana da kansa a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai.

Ka riƙe Shift, ka danna Restart ba tare da ka sake shi ba. Shuɗin allo zai fito. Bi “Troubleshoot”, sai “Advanced options”, sai “Startup Settings”, sai “Restart”. Idan ta dawo da jerin lambobi, danna 4. A allon shiga ka duba ƙasa ta hagu, za ka ga Administrator. Galibi ba shi da kalmar sirri. Shiga, buɗe cmd, ka rubuta:

net localgroup administrators "SUNANKA" /add

Ka maye gurbin SUNANKA da sunan da whoami ya ba ka, kuma ka bar alamun zancen nan biyu idan sunan na da tazara a tsakiya. Idan ka ga “The command completed successfully”, sake kunna ta yadda aka saba. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Gargaɗi ɗaya kafin a taɓa Shift ɗin nan. Sababbin na’urori da yawa, musamman masu Windows 11, faifansu a rufe yake da BitLocker, kuma shiga wannan shuɗin allo na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ana samunsa a shafin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na’urar. A nemo shi a rubuta a takarda tun kafin a fara. Idan babu shi, babu injiniyan da zai buɗe faifan, komai ƙwarewarsa.

Idan kuwa an shiga Safe Mode ba a ga Administrator ba, a duba asalin na’urar. Da yawa daga cikin laftof ɗin gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, kuma wasu ba a kwance su daga kamfanin ba. Rubuta dsregcmd /status, ka duba layin DomainJoined da na AzureAdJoined. Idan ɗaya ya ce YES, ikon na hannun wasu can. Akwai ma waɗanda ko an yi musu fomat, da zarar sun ji intanet a lokacin saiti sai su fito da tambarin kamfanin suna neman imel ɗin ma’aikaci. Irin wannan ba ta gyara ba ce, ta mayarwa ce wurin dillali tun ciniki bai yi sanyi ba. Haka nan kwamfutar ofis, ko ta makaranta, ko ta cibiyar jarrabawa: da gangan aka hana ka ikon, sai a nemi mai kula da su.

Idan ka danna, shiru

A nan sunanka na cikin rukunin, amma akwatin ba ya fitowa sam. Kafin komai, gwada wata hanya: danna Start, rubuta cmd, sannan ka haɗa Ctrl da Shift da Enter. Wannan ma neman ikon admin ne, sai dai bai bi ta jerin da ke fitowa idan ka danna maɓallin dama na linzami ba. Idan akwatin ya fito, UAC lafiyarta ƙalau. Wata manhaja ce ta cusa kanta a wancan jerin ta rikita shi, kuma an fi samun haka daga masu matse fayil, masu juya PDF, ko ragowar antibairos da ba a cire da kyau ba. Ɗan kayan aikin ShellExView na kyauta ne, yana nuna su duka. Ɓoye na Microsoft, kashe sauran gaba ɗaya, sake kunna na’urar, sannan ka riƙa dawo da su rabi-rabi har mai laifin ya fito.

Af, akwai inda rashin ganin “Run as administrator” ba cuta ba ce. Fayil mai ƙarewa da .msi ba ya nuna shi. Danna shi kawai, zai nemi izini da kansa idan ya iso wurin. Yawancin manhajojin Microsoft Store ma ba su da shi. Na’urar da ke “S mode” kuwa ba ta karɓar komai daga wajen Store sai an fitar da ita daga wannan yanayi.

To idan Ctrl da Shift da Enter ɗin ma shiru, sai a leƙa shamaki, wato Appinfo, da wannan umarni a cmd:

sc qc appinfo

Duba layin START_TYPE. Daidai shi ne 3, DEMAND_START. Idan ka ga 4, DISABLED, an kashe shi. Masu wannan aika-aika su ne manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu, da kuma Windows ɗin da aka yi wa aski, wadda wasu masu gyara ke ɗora wa na’ura mai RAM 2GB ko 4GB don ta yi sauƙi. Tana sauƙin kuwa, amma ba ka san abin da aka yanke mata ba sai ranar da ka buƙace shi.

Tarkon shi ne kunna sabis ɗin ma sai da ikon admin, shi kuma ikon sai ta hannun sabis ɗin. Don haka sai a gyara daga waje, Windows na barci. Koma shuɗin allon nan, amma wannan karon ka zaɓi “Command Prompt”. Ko kuma ka tayar da na’urar daga filas mai ɗauke da Windows, ka zaɓi “Repair your computer”. A wannan wuri harafin faifai kan canza, abin da ka sani da C na iya zama D ko E, X kuwa na wurin gyaran ne kansa. Gwada dir C:\Windows, sai dir D:\Windows, har ka ga wanda ya jero fayiloli. A ce D ne:

reg load HKLM\GYARA D:\Windows\System32\config\SYSTEM
reg add HKLM\GYARA\ControlSet001\Services\Appinfo /v Start /t REG_DWORD /d 3 /f
reg unload HKLM\GYARA

Layin farko ya ɗauko rajistar da ke kwance ya rataya ta da sunan wucin gadi, na biyu ya mayar da lambar 3, na uku ya mayar da ita mazauninta. Kada a manta na ukun, kuma kada a rubuta da ka. A ɗauki hoton layukan a waya a riƙa dubawa harafi bayan harafi. Rajista ba ta tambayar ko ka tabbata.

Dokokin da aka murɗe

Ana iya karanta dokokin UAC ba tare da wani iko ba:

reg query HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System

A na’urar da ba a taɓa ba, EnableLUA na nuna 0x1, ConsentPromptBehaviorAdmin 0x5, ConsentPromptBehaviorUser 0x3, PromptOnSecureDesktop 0x1, ValidateAdminCodeSignatures kuma 0x0. Kowace karkata da irin nata ciwon. Idan EnableLUA ya zama 0, an kashe UAC ɗungurungum, kuma mai ƙaramin asusu, wato “Standard user”, zai danna “Run as administrator” manhaja ta buɗe ba tare da tambaya ba, amma ba ta samu ikon ba, sai ta tsaya a tsakiyar aiki. Wannan na ruɗar mutane ƙwarai, domin a ido komai ya tafi daidai. Idan ConsentPromptBehaviorUser ya zama 0, an umarci Windows ta riƙa ƙin buƙatar ƙaramin asusu kai tsaye, kuma saƙon kan ambaci “group policy”. Idan kuma ValidateAdminCodeSignatures ya zama 1, duk manhajar da ba ta da ingantaccen sa hannu ba za ta samu iko ba, saƙon da take bayarwa kuwa ba shi da alaƙa da zancen ko kaɗan: “A referral was returned from the server.” Mutum sai ya yi ta zargin netwok, ya sayi data, alhali ba a can take ba.

Mai Windows Pro da ke da wani asusun admin zai gyara waɗannan a secpol.msc, ƙarƙashin “Local Policies” da “Security Options”. Mai Home ba shi da wannan, sai regedit. Idan babu hanyar samun iko ko ta ina, a bi dabarar reg load ta sama, sai dai fayil ɗin SOFTWARE za a ɗauko maimakon SYSTEM. Canjin EnableLUA ba ya kamawa sai an sake kunna na’ura.

Shawarar da ke yawo cewa a kashe UAC a huta da tambayoyi, muguwar shawara ce, ballantana a shagon da filas ashirin ke shiga kwamfuta ɗaya a yini. Wannan tambayar mai gundura ita ce ke hana abin da ya biyo filas ɗin shiga C:\Windows kai tsaye.

Idan manhaja ɗaya ce kaɗai ke ƙi

Idan cmd na buɗewa da iko amma direban tsohuwar firinta ya ƙi, laifin fayil ɗin ne. A bambance saƙonni biyu. Shuɗi mai cewa “Windows protected your PC” na SmartScreen ne, mai gadin Windows da ke tantance abin da aka sauko da shi, bai san fayil ɗin ba ne kawai. Idan ka amince da inda ka samo shi, “More info” sai “Run anyway”. Mai cewa “This app has been blocked for your protection” ya fi tsanani, sau da yawa an soke shaidar sa hannun kamfanin ne. Abin yi shi ne a sauko da sabon direba daga shafin kamfanin firintar, a bar faifan CD ɗin da ya zo a kwali shekaru goma da suka wuce. Amma idan kayan Windows kansu, irin su Device Manager, ke samun wannan saƙo da “Publisher: Unknown”, a duba ko Cryptographic Services na aiki, domin shi ke tantance sa hannu. “The requested operation requires elevation”, mai lamba 740, ba komai ba ne, manhajar ce ke cewa a buɗe ta da iko.

Akwai wani mai ban dariya: “File system error” da lamba -1073741819, wanda ya addabi na’urorin da aka ɗaga daga Windows 7 zuwa 10. Tsarin sautin da aka gado ne ke kayar da akwatin izinin. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl, shiga “Sounds”, zaɓi “No Sounds” ko “Windows Default”, shi ke nan.

Wuta, faifai da bairos

Idan duk na sama daidai suke, sai a zargi lalacewar fayilolin Windows. A wajenmu babban dalili shi ne ɗaukewar wuta kan kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko laftof mai mataccen batir da ke mutuwa da zarar janareta ya shaƙe, musamman idan abin ya faɗo tana tsakiyar sabuntawa. A fara da faifan kafin fayilolin, domin gyara a kan faifai mai mutuwa zuba ruwa ne a rariya. CrystalDiskInfo na nuna lafiyarsa. Idan ya ce “Caution” ko “Bad”, a kwashe takardu tukuna, a nemi SSD. Idan lafiya, daga cmd na shuɗin allo:

chkdsk D: /f
sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows

A wasu na’urorin ɓangaren da ake tayar da Windows daga shi na da harafi dabam, sai a sa shi a gurbin offbootdir. Idan sfc ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyara wasu, kuma an samu iko ya dawo ko ta wani asusun, a bi da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan a maimaita sfc /scannow. DISM na cin data, kuma yakan tsaya cak a wajen kashi 62 kamar ya mutu. A ƙyale shi. Idan ya kasa saukar da komai, a dubi agogon na’urar. Ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod idan ya ƙare, kwanan wata kan koma baya, kuma shafukan Microsoft ba sa yarda da na’urar da agogonta ya ɓace.

Wani lokacin asusun ne kaɗai ya ruɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne: a buɗe sabon asusun admin, a shiga. Idan komai na aiki a can, a kwashe Desktop, Documents da Downloads daga C:\Users zuwa sabon, a bar tsohon.

Bairos kuwa da alamunsa: foldojin filas sun koma gajerun hanyoyi, Task Manager ya ƙi buɗewa, regedit na rufe kansa da zarar ya buɗe. Wasu kan yi rajistar kansu a sashen Image File Execution Options, ta yadda duk lokacin da aka kira wani kayan aikin Windows, su ne za su amsa. Autoruns na Microsoft na tona wannan a shafin “Image Hijacks”. Babbar ƙofar shigarsu ita ce manhajojin fasa lasisi, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe Defender ka ba su ikon admin da hannunka. A nan ne fomat ke da hujja. Na’urar da bairos ya riga ya riƙe babban makullinta, kuma ake shiga banki ko shafin rajistar jarrabawa da ita, ba a amince mata don an share abin da ido ya gani.

Kafin a kai can, a gwada “System Restore” a shuɗin allon, idan akwai ajiyar ranar da ta gabaci matsalar. Ba ya taɓa takardu. “Reset this PC” tare da “Keep my files” na barin takardu amma yana kwashe manhajoji. Idan sabon zubi za a yi, a haɗa filas mai aƙalla 8GB da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, a kan kwamfuta mai tsabta. A tuna Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma na neman ɗan guntun tsaro na TPM 2.0, RAM 4GB, faifai 64GB, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Da yawa daga cikin na’urorin gwanjo ba su cika wannan ba, gara a duba kafin a goge.

Da zarar ikon ya dawo, ta kowace hanya, a buɗe asusun admin na biyu da kalmar sirri mai ƙarfi, a rubuta ta a littafin shago tare da lambobin BitLocker, a ajiye a durowar oga. Yara da kwastomomi a ba su ƙaramin asusu. Duk abin da za su saka, akwatin zai nemi kalmar sirrin oga. Idan kuma an kunna Administrator na gida a lokacin gyara, a mayar da shi barci da net user administrator /active:no, domin barinsa a kunne babu kalmar sirri yana nufin duk wanda ya zauna kan kujerar ya samu na’urar baki ɗaya.